Allon tarihin ƙungiyar iyon yaranmu: me za a rubuta, me za a bari?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda yaransu ke ƙungiyar ninƙaya ta unguwa. Mu a nan jihar Maryland ta Amurka wurin iyonmu na 'yan unguwa ne, kowane gida ya sayi hannun jari yana biyan kuɗin shekara, kuma ƙungiyar yara ta girmi yawancin iyayen da ke kawo 'ya'yansu yanzu. Bana an sa ni a kwamitin da zai haɗa ɗan littafin tarihin ƙungiyar. Magana biyu ta raba kan kwamitin. Ta farko, wasu na so a cire tsohon allon katako da ake rubuta sunayen waɗanda suka kafa tarihi, a sa na lantarki. Ta biyu ita ce ta hana ni barci. Na zauna da akwatin tsofaffin hotuna, hoton ƙungiya na kowace shekara, na yi ta juyawa shekara bayan shekara ban ga yaro baƙar fata ko ɗaya ba sai can gaba. Da na tambaya, wata dattijuwa ta ce da ni "ai lokacin haka unguwar take." Shin in tayar da maganar a littafin, ko in ja bakina in yi shiru tunda mu baƙi ne?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ta farkon dai ba ta buƙatar dogon zance, kada ku bari a taɓa allon nan. Mu a arewacin Virginia muke, gasarmu tun 1956 ake yin ta, ƙungiyoyi 102 a rukuni 17, kowane rukuni ƙungiya shida. Na je wuraren iyo da yawa saboda gasa, kuma duk inda ka shiga, yara allon nan suke fara nufa. Sadik ya shekara biyu yana kallon sunan wani mutum da ya kafa tarihin mita 25 na iyon rigingine tun kafin in yi aure. Ranar da ya zo kusa da shi da rabin daƙiƙa, sai ga mutumin nan da furfurarsa, ashe ɗansa yana ƙungiyar, ya zo ya miƙa masa hannu. Allon lantarki da suna ke wucewa kamar talla ba zai yi wannan aikin ba.

Anti Bilki: Baban Sadik ka manta ɗaya. Tsofaffin allunan nan suna da rikici. Wasu wuraren da yadi aka gina su, daga baya aka ƙara tsawo suka koma mita. Yadi 25 bai kai mita 23 ba, 22.86 ne. To sai ka ga lokaci biyu a allo ɗaya, yaro yana ta fama ya karya tarihin da aka kafa a ruwan da bai kai nasa tsawo ba. Maman Iman ki bincika wannan kafin ku buga komai, in an taɓa canza tsawon, ku raba su gida biyu.

Maman Iman: Wallahi ban yi tunanin wannan ba. Zan tambaya.

Kawu: Maman Iman, ta biyun nake so in yi magana a kai, ku yi haƙuri zan ɗan ja. Dattijuwar nan ba ƙarya ta yi miki ba, rabin gaskiya ta ba ki. Unguwar ba da kanta ta zama haka ba.

A shekarun 1930 gwamnatin Amurka ta gina manyan wuraren iyo na jama'a ko'ina, birnin New York kaɗai ya buɗe 11 a bazarar 1936. Tun da aka fara barin maza da mata su shiga ruwa ɗaya, sai aka tsananta hana baƙaƙe shiga. Bayan yaƙin duniya na biyu, da kotuna da hukumomin birane suka fara cewa a buɗe wa kowa, rigima ta ɓarke. A St. Louis, ranar 21 ga Yuni 1949, ranar farko da aka bar yara baƙaƙe suka shiga wurin iyo na Fairground Park, farar fata suka yi dafifi suka far musu. A Yunin 1964 a St. Augustine ta Florida, manajan wani otal ya tuttula asid a ruwa alhali masu zanga-zanga na ciki, hoton ya zaga duniya. Birnin Jackson na Mississippi kuwa rufe wuraren iyonsa ya yi don kada a haɗu, kuma a 1971 Kotun Ƙoli ta ce bai saɓa wa tsarin mulki ba.

To a daidai wannan lokacin ne farar fata suka yi ta ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari, suna haɗa kuɗi suna gina wurin iyo na mambobi zalla. Irin wanda yaranmu ke shiga yau. Ba na cewa duk wanda ya haƙa rami ya zuba ruwa ƙiyayya ce ta sa shi, da yawa unguwa ce sabuwa babu wurin wasan yara. Amma tsarin "sai mamba, kuma sai kwamiti ya amince da kai" ƙofa ce mai sakata, kuma an yi amfani da sakatar.

Baban Sadik: Kawu, wannan ai na Kudu ne can, ba irin yankinmu ba.

Kawu: Ɗana, a bayan gidanka aka yi. Shari'ar Sullivan da Little Hunting Park, gundumar Fairfax ce. Bature ne mai suna Sullivan ya ba wani baƙar fata mai suna Freeman hayar gidansa, ya haɗa masa da hannun jarinsa na wurin iyo. Kwamiti ya ƙi, da Sullivan ya yi ta magana suka kore shi shi ma. Sai a Disambar 1969 Kotun Ƙoli ta ce sun yi laifi. Ta gefen Maman Iman kuma akwai ta Wheaton-Haven a Silver Spring, likita ne baƙar fata ya sayi gida a cikin da'irar da ke ba mutum damar zama mamba aka hana shi, aka yanke hukunci a 1973. Ka lissafa, wanda yake ɗan shekara goma a lokacin yana nan da ransa, watakila shi ke riƙe da agogo a layin da ke kusa da naka ranar Asabar.

Baban Sadik: Na janye. Little Hunting Park kuwa na san sunan, ban taɓa jin wannan labarin ba.

Hajiya Babba: Duk abin da Kawu ya faɗa gaskiya ne, amma ni ra'ayina daban. Maman Iman, ke kaɗai ce irinmu a kwamitin nan ko? To ki yi tunani. Mutanen nan sun karɓi 'yarki, suna yi mata ihu in tana ruwa, sun sa ki a kwamiti. Littafin biki za a yi, ba rahoton hukumar bincike ba. In kika tono abin da kakanninsu suka yi, wasu za su ji kamar kin nuna su da yatsa, kuma Iman ce za ta ci gaba da zuwa atisaye kullum da safe, ba mu da ke nan muna danna waya ba. Ba kowace gaskiya ake faɗa a wurin biki ba.

Malam na Minnesota: Ni tambayata ta fi ƙasa da haka. Mene ne amfanin abin gaba ɗaya? An ba mu takarda mu shiga, na karanta sharuɗɗa: atisaye kullum, gasa duk Asabar tun asuba, wai kuma dole iyaye su yi aikin sa-kai ko su biya tara. Na biya kuɗina kuma in zo in yi muku aiki?

Anti Bilki: Malam, ai in iyaye ba su yi ba babu gasar. Ka ƙirga: layi shida, kowane layi mutum uku masu agogo, goma sha takwas ke nan. Ga alƙalan salo, ga mai busa usur, ga masu jera yara, ga masu rubuta sakamako, ga masu manna suna a bayan ƙyallen lambar yabo. Koci da masu tsaron ruwa kaɗai ake biya. Kuma mutum ukun nan ba ado ba ne, in agogo biyu suka yi daidai shi ake ɗauka, in duka suka bambanta a ɗauki na tsakiya, don kada mai saurin yatsa ko mai gyangyaɗi ya cuci yaro.

Baban Sadik: Kuma ba a barin ka riƙe zuciyarka a aljihu, in ɗanka ya faɗo layinka sai ka ga yatsanka na rawa 😂

Ƙaramin Koci: Assalamu alaikum iyayena. Mama ce ta miƙo min wayar ta ce in yi magana tunda ni a ciki na girma, ku yi haƙuri da Hausata. Na shiga ƙungiya ina shekara 6, na fita ina 18, yanzu ina koyar da ƙanana a hutun jami'a. Malam, abin da ya bambanta gasar bazara da kulob na duk shekara shi ne yaro ɗan 7 da saurayi ɗan 17 ƙungiya ɗaya suke, makinsu ɗaya. Yarinyar da ta ci mita 25 a rukunin 'yan 8 zuwa ƙasa, makin da ta kawo daidai yake da na babban da ke shirin iyo a jami'a. Shi ya sa manyan ke tsayawa a bakin ruwa suna tsage murya saboda ƙanana. A farkon kakar gasa ana haɗa kowane ƙarami da babba ɗaya, ya zama yayansa na ƙungiya, shi zai rubuta masa lambar tsere da zagaye da layi a hannu da alƙalamin maka, ya kai shi wurin jira, ya tsaya masa a ƙarshen layi. Ni nawa yayan har yau muna magana. Akwai kuma tseren karɓa-karɓa da ake ɗauko yaro ɗaya daga kowane rukunin shekaru, wannan in ana yi ko mai sayar da kofi sai ya bar teburinsa.

Malam na Minnesota: To ita al'adar jefa koci cikin ruwa da kayansa fa? Na gani a bidiyo. Yara su ɗauki malaminsu su wurga? Wannan ai rashin ladabi ne.

Ƙaramin Koci: Malam, kocin da ba a jefa ba shi ke komawa gida da baƙin ciki, don sai an ci gasa ake jefawa. Kafin tseren ƙarshe za ka ga ya cire waya da agogo ya ba wani ya riƙe masa.

Hajiya Babba: Ni ba wannan ya dame ni ba. Sutura. Nawa 'yan matan sun yi har shekara 11 muka tsaya, don ban yarda da irin kayan ba. Kuma wannan rubutun da suke yi a gadon baya da maka, na tsokanar abokan hamayya, ban taɓa son sa ba.

Maman Iman: Hajiya, Iman da doguwar riga da wando na iyo take shiga, har idon sawu. Na rubuta wa wakiliyar ƙungiya tun kafin kaka ta fara, ta sanar da alƙalin gasa, shi ke nan. Dokokin iyo a nan suna ba da uzuri saboda addini, abin da kawai suke dubawa kada kayan su zama masu ɗaga mutum a ruwa ko ƙara masa gudu. Gaskiya kayan na jan ruwa, tana rasa ɗan lokaci, ta san da haka kuma ta zaɓa. Matsalarmu ma hula ce, gashinta ba ya shiga ƙaramar hular roba. Kun tuna hular Soul Cap da hukumar iyo ta duniya ta ƙi amincewa da ita gab da gasar Olympics ta Tokyo a 2021? Sai a Satumbar 2022 suka amince. Ita muke saya.

Anti Bilki: Ni ce ma na fi shan zagi a cikin iyaye, tunda alƙaliyar salo ce. Sati biyu da suka wuce na ɗaga hannu a kan wani ɗan shekara 8 a iyon kwaɗo, ya taɓa bango da hannu ɗaya. Doka ta ce hannu biyu a tare, a juyi da a ƙarshe, haka ma a iyon malam-buɗe-littafi. Uwar ta biyo ni har wurin ajiye motoci wai yaro ne. Na ce mata shi ya sa ma. In ba a soke shi yanzu ba, zai kai 13 yana yi, ranar da za a soke shi a babbar gasa kukan ya fi ciwo. Kuma an koya mana in ba ki gani da idonki sarai ba, ki bar wa yaro. Wasu ƙungiyoyin har alewa suke ba yaro ranar da aka fara soke shi, wai ya shiga sahu.

Kawu: Mun yi nisa da tambayar baiwar Allah. Hajiya, na ji maganarki kuma ba wasa ba ce, yarinyar ce a gaba. Amma ki dubi abin ta wannan gefen. Me ya sa har yau a yawancin gasannin nan za ki ƙirga yara baƙaƙe da yatsun hannu? Iyo gado ne, uwar da ba ta iya ba tana tsoron ruwa, sai ta hana ɗanta. An hana kaka shiga, jika ya tashi bai iya ba. Binciken gidauniyar USA Swimming na 2017 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yaran baƙaƙen Amurka ba su iya iyo ba ko kaɗan suka iya. Cullen Jones da ya ci zinare a gasar Olympics ta Beijing 2008 saura ƙiris ya nutse yana ɗan shekara 5, daga nan uwarsa ta sa shi koyo. Simone Manuel sai a Rio 2016 ta zama baƙar Ba'amurkiya ta farko da ta ci zinaren iyo ita kaɗai. Shekarar 2016 fa, jiya-jiya. Kuma mutanen ba zama suka yi suna kuka ba. A Yeadon kusa da Philadelphia, da aka hana iyalai baƙaƙe shiga kulob ɗin garin, kuɗi suka haɗa suka gina nasu, Nile Swim Club, aka buɗe a 1959, yana nan har yanzu. Littafin da ya ce "tun farko gidan kowa ne" ya shafe wahalar waɗannan mutanen.

Hajiya Babba: Ban ce a rubuta ƙarya ba, Kawu. Na ce a yi shiru.

Kawu: In an jera hotuna shekara-shekara aka tsallake bayani, shirun ma magana ce.

Ƙaramin Koci: Zan iya ƙara ɗaya? Ni kaɗai ne baƙi a ƙungiyarmu na kusan shekara huɗu. Ina ganin hotunan nan a bango kullum, na lura, yaro ba makaho ba ne. Babu wanda ya taɓa ce min komai a kai, sai na ɗauka mu ne ba mu iya ruwa ba. Har wani yaro ya taɓa ce min wai ƙasusuwanmu nauyi gare su. Da wani babba ya ce min "hana su aka yi", da na ji sauƙi tun da wuri. Hajiya ku yi haƙuri, amma ina jin Iman ta riga ta ga hotunan.

Hajiya Babba: Babu komai ɗana. Wannan ban yi tunaninsa ba. Amma har yanzu ina cewa kada ta shiga da zargi.

Baban Sadik: To ga tsaka-tsaki. Maman Iman, kada ki rubuta abin da ba ki da hujjarsa a kan naku wurin. Irin waɗannan ƙungiyoyin suna da kundin taron kwamiti da tsohon tsarin mulki, yawanci suna cikin wani kwali a ɗakin famfo ko gidan tsohon sakatare. Ki nema. In akwai sharaɗin launin fata ko shekarar da aka cire shi, ki kawo shi yadda yake, ba ƙari. In babu, ki rubuta abin da hotuna suka nuna da abin da ke faruwa a jihar a lokacin. Sannan ki nemo iyali na farko da suka shigo, in suna raye, su ba da labarinsu da bakinsu.

Anti Bilki: Wannan na ƙarshen ya fi komai. In daga bakinsu ya fito ba wanda zai ce baƙuwa ce ta zo da fitina. Kuma ki haɗa shi da tarihin 'yan mata, don shi ma akwai abin faɗa, kafin dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantu, makarantu da yawa ba su da ƙungiyar iyo ta mata, a irin wannan gasar ta unguwa suke samun shiga ruwa. Katie Ledecky ma a gasar bazara ta gundumar Montgomery ta fara, ƙungiyar Palisades, tana shekara 6, yayanta ta bi. Shekara 15 ta ci zinare a gasar Olympics ta Landan.

Malam na Minnesota: Kun sa ni jin kunya. Ni kaina ban iya iyo ba, watakila shi ya sa takardar ta yi min nauyi. In yaro bai iya komai ba suna karɓa?

Ƙaramin Koci: Yawanci sai ya iya tsallake tsawon kwamin sau ɗaya ba tare da ya kama igiya ba. In bai kai ba akwai rukunin 'yan koyo, can nake aiki. Kuma akwai gasa ta biyu a tsakiyar mako da ba a ƙirga maki, kowa na shiga. Malam ku ma ku tambaya, wurare da yawa na da darasin manya da yamma.

Maman Iman: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kira dattijuwar nan ɗazu kan maganar yadi da mita, ashe an taɓa ƙara tsawon, Anti Bilki kin yi gaskiya. Da muka ɗan saki jiki na tambaye ta ko ta tuna iyalin farko. Ta yi shiru, sannan ta ce ta tuna, 'yarsu ajinsu ɗaya da ƙanwarta, kuma mahaifinta yana cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar a karɓe su, an yi taron har dare. Ta ce tana jin sunan yarinyar yana kan allon katakon ma, a tseren karɓa-karɓa na 'yan 11 da 12, an goge lokacin amma ana iya ganin haruffan a ƙarƙashin fenti. Gobe bayan atisaye za mu je mu duba tare, ta ce in zo da tocila.

Baban Sadik: Kin ga dalilin da na ce kada a taɓa allon? Ki ɗauko mana hoto.

Hajiya Babba: Ki tafi da Iman.